Zoben Tagulla a Gindin Inji: Yadda Kanikanci Ya Zauna a Karkarar Arewacin Kano

Duk direban da ya daɗe yana jan a-kori-kura a hanyar Bichi ko ta Dambatta ya san wani siririn kuka da mota kan yi. Da an taka kuloci sai ya taso daga ƙarƙashin ƙafa, da an saki sai ya ɗauke. Idan aka yi biris da shi, bayan 'yan makonni lamba ɗaya ta fara gardama, ribas kuwa sai an yi kokawa da ita, giya tana gurzar haƙora kowa a tasha yana ji. Direba zai rantse faifan kuloci ne ya ƙare. Sau da yawa faifan lafiyarsa ƙalau. Abin da ya mutu wani ɗan zobe ne na tagulla, wanda ƙaramin yatsa ne kawai zai shiga cikinsa, kanikawa suna ce masa bushin.

Mazauninsa wani rami ne a ƙarshen karanshaf ta baya, daidai cibiyar filawul. Sandar da ke fitowa daga giyabos tana ratsa faifan kuloci, bakinta ya shige cikin wannan zobe ya kwanta. Muddin ƙafar direba ba ta kan kuloci, karanshaf da sandar tare suke juyawa, zoben yana hutawa. Amma da zarar an taka, inji ya ci gaba da gudunsa, sandar ta rage gudu ko ta tsaya cak, to a nan zoben yake cin kwakwa: shi ne zai riƙe bakin sandar a tsakiya, kuma ya bar ta ta zame ba tare da ta kama ba. In ya cinye, sandar ta riƙa lilo, ta lalata boris ɗin giyabos, man giya ya fara tsiyaya. In kuma ya bushe ya kama, sai ya riƙa jan sandar ko da an danne kuloci har ƙasa, shi ya sa giya take ƙin shiga.

Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma kafin hannu ya kai gare shi sai an sauke giyabos ko an ɗaga inji dungurungum. Aikin yini guda ne, wani lokaci har da kwana. Akwai mutanen da ke yin wannan aiki a gindin darbejiya a Kunchi da Tsanyawa da Makoɗa da Minjibir, babu rami, babu na'urar ɗaga mota, sai kaca da itace uku da aka haɗa kawunansu. Shekaru ɗari da suka wuce babu wanda ya san irin wannan sana'a a duk faɗin yankin.

A wancan lokaci ƙasar jaki ce. Karkarar da ta kewaye birnin Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma, gona na jikin gona, gida na hangen gida, babu saurar da za a bari ta huta. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi bincike a ƙasar Ungogo ya kuma fitar da rahotonsa tare da J. Wilson a 1965, ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana nome ta kowace shekara. Abin da ya riƙe ta taki ne, abin da ya kai takin gona kuwa jaki ne. Da rani jakuna su shiga birni da itace da kara da hatsi, su fito da mangala cike da shara da toka. Mai gyaran abin hawa a wancan zamani shi ne mai ɗinkin akumari da mai saƙar mangala, sai maƙeri da ke gefe yana ƙera fartanya da garma da lauje.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma daga kakar 1912 gyaɗa ta zama kuɗi. Manoma suka rungume ta fiye da audugar da Turawa suka so a noma, fatake irin su Alhassan Ɗantata suka baza yaransu ƙauyuka suna saye. Sai dai dogo bai bi ta arewa ba. Reshen da aka ja zuwa Nguru, wanda ya kai can a 1930, arewa maso gabas ya nufa. Hanyar Katsina da ta bi ta Bichi, da hanyar Daura da ta bi ta Dambatta da Kazaure, an bar su da jaki da raƙumi da takarkari. Sai a 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa wannan yanki. Wannan giɓi na shekaru sama da ɗari shi ya ba mota sarauta a arewacin Kano. Manyan kamfanonin Turawa da 'yan kasuwa Kwarori da attajiran birni suka sa motocin ɗaukar kaya suna kwaso buhunan gyaɗa daga wuraren awo zuwa dalar gyaɗa a Kano.

Motar farko ba ta zo da bakanike ɗan ƙauye ba. Gyara a birni yake: a garejin kamfanoni, da na ma'aikatar ayyuka ta gwamnati, da na En'e, da kuma Sabon Gari, inda mafi yawan masu riƙe da sufana mutanen Kudu ne. Idan mota ta mutu a bayan Bichi, direba da karen mota ne za su kwana a ƙarƙashinta. Direban wancan lokaci dole ya zama rabin bakanike, karen motarsa kuwa yana koyon tuƙi da gyara a lokaci guda, tun daga sa waigi a bayan taya har zuwa kwance kafireta. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara yawan masu wannan sani, domin cikin sojojin Arewa da aka kai ƙasar Bama akwai waɗanda aka koya wa tuƙi da gyaran mota, suka dawo da shi gida bayan 1945.

Maƙera ma ba a bar su a baya ba, ko da yake ta bayan gida suka shigo. Tun da ƙarfen dogo da na matattun motoci ya wadata, narkar da tama ta mutu, sifirin mota ya zama abin da ake ƙera gatari da wuƙa da shi. Maƙerin da ya saba da sifirin a matsayin kayan aiki, ba a daɗe ba direbobi suka fara kawo masa karyayye ya gyara. Daga nan zuwa ƙera ƙugiya da ƙarfen bodi tafiyar ba ta da nisa.

Shekaru goma ne suka juya komai. Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya sun sa ɗimbin masu sana'ar hannu 'yan Gabas barin Kano, yaran da ke miƙa musu sufana suka wayi gari su ne masu gareji. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, abin da ya buɗe wa motocin Faransa da Jamus ƙofa, ya kuma rage wa na Ingila kasuwa. A 1975 kamfanin Peugeot, wato Fijo, ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, daidai lokacin da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji suka cika aljihun ma'aikata. An kafa masana'antar harhaɗa manyan motocin Fiat a Kano, ta Steyr a Bauchi. Har akwatin kayan aiki sai da ya sauya: Bedford da Austin sufanar inci suke ci, Fijo kuwa ta milimita, lamba goma da sha uku da sha bakwai. Tsohon bakanike ya sake sayen sufanu, yaron da ya shigo a lokacin bai ma san an taɓa yin wasu ba.

Fijo 404 da ƙanwarta 504, musamman a-kori-kura, su ne suka sauka daga kwalta suka shiga burtali. Abin mamaki, sun iso ne daidai lokacin da gyaɗar da ta kawo mota take mutuwa: farin 1973 ya daƙile ta, cutar da ta kama ta a 1975 ta ƙarasa ta. Amma kaya bai ƙare ba, sauya kama ya yi. Shirin madatsun ruwa da aka faro a zamanin Gwamna Audu Baƙo ya kai ga Watari a Bagwai da Tomas a ƙasar Dambatta, noman rani ya kawo tumatir da albasa da tattasai, kayan da ba sa jiran jaki. Kasuwar hatsi ta Dawanau, wadda aka kafa a 1985 a kan hanyar Katsina, ta zama matattarar gero da dawa da wake da riɗi. Ranar kasuwar Dambatta kuwa awaki da tumaki ne a bayan mota, mutane a kan bodi.

Irin wannan aiki shi ne ajalin bushin. Motar da aka yi wa lodin da ya ninka ƙa'ida, ta shiga rairayi, direba ba shi da dabara sai rabin kuloci, inji na ihu, taya na haƙa. A cikin cunkoson kasuwa ƙafarsa ba ta sauka daga kan feda. Kowace daƙiƙa ta wannan hali zoben yana gogayya, ga zafi, ga ƙurar faifan kuloci, ga ta hunturu da ke samun kafar shiga. Abin da aka ƙera don ya kai ƙarshen ran kuloci a titunan Turai, a nan yakan riga shi tafiya.

Shi kansa zoben yana da nasa tarihin, kuma daga nesa ya faro. A 1930 injiniyoyin kamfanin Chrysler a Amurka suka fito da wata tagulla da suka sa wa suna Oilite. Ba narkawa ake yi a zuba ba. Garin jan ƙarfe da na kuza ake haɗawa, a danne a cikin mazubi, a gasa har ƙwayoyin su manne da juna ba tare da sun narke ba, sai a sami ƙarfe mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Daga nan a ɗura masa mai ya sha, har ya kai wajen kashi ɗaya cikin biyar na girmansa. Aikinsa irin na sabuwar randa ne, wadda ruwa ke tsattsafowa ta jikinta: in sanda ta juya ya ɗau zafi, mai ya fito ya jiƙa fuskar, in ya huce, ya tsotse abinsa. Don haka ne ake iya rufe shi a wurin da hannu ba zai sake kaiwa ba sai bayan shekaru.

Cire tsohon shi ne inda ake gane wanda ya iya. Ramin makaho ne, ba shi da mafita ta baya, babu ta inda za a doko zoben. Akwai ƙarfen da aka ƙera musamman don fizgo shi, amma ba kowane gareji ke da shi ba. Mai gaggawa yakan sa kurfi ya sare zoben, in hannu ya goce ya ji wa bangon ramin ciwo, sabon zobe ba zai taɓa zama daidai ba, kuma karanshaf ba abin da ake saya kullum ba ne. Gwani kuwa giris yake nema. Zai cusa shi cikin ramin har ya cika maƙil, babu iska a ciki, ya samo ƙarfe mai santsi wanda ya cika bakin zoben daidai, ya kafa, ya doka da guduma. Giris ɗin ba ya matsuwa, ba shi kuma da hanyar fita, sai ya koma bayan zoben ya turo shi waje. A ƙara giris, a sake doka, a hankali zoben ya fito. Inda babu giris, sabulu yana yi, jiƙaƙƙiyar takarda tana yi, har ɓargon burodi ana cusawa. Ba a Kano aka ƙirƙiro dabarar ba, kanikawa a ko'ina cikin duniya suna yin ta, kuma ƙa'idar da ke ƙarƙashinta ita ce wadda Blaise Pascal ya bayyana a Faransa tun ƙarni na 17, wadda birki da jak mai mai suke aiki da ita. Yaron gareji a Tsanyawa yakan iya ta da hannu shekaru kafin ya ji sunanta, in ma ya taɓa ji.

Sa sabon ya fi son natsuwa fiye da ƙarfi. Da farko a kwashe giris ɗin nan tas, a wanke ramin da fetur, domin abin da ya turo tsohon zai hana sabon shiga. A gwada zoben a bakin sandar giyabos tun yana hannu: ya shiga sumul, ba ya kamawa, ba ya kuma kaɗawa. In bakin sandar ya yi zane ko ya ci, a san cewa sabon zoben ma ba zai yi ƙarko ba. Sannan a jiƙa shi da man inji mai tsabta. Wasu sukan toshe gindinsa da babban yatsa, su cika shi da mai, su danne bakin da wani yatsan har man ya tsattsafo ta jikinsa. Masu haƙuri sukan sa shi cikin ƙanƙara ya ɗan tsuke kafin a buga. Gefen da aka ɗan fafe bakinsa shi ke kallon giyabos, don ya karɓi sandar. Ba a dukansa da guduma kai tsaye, tagulla ce, bakin zai lotse. Ana ɗora masa soket ko ƙarfe mai faɗin da ya dace, a riƙa bugu kaɗan-kaɗan ana duba ko ya karkace. Kuma ba a cika shi da giris bayan an gama. Wannan kuskure ne da ya yaɗu ƙwarai, mai yin sa yana ganin alheri yake yi, alhali giris toshe ƙofofin yake yi, ya kuma tara ƙura.

Saura mayar da giyabos. Kusan kowane tsohon gareji yana da guntuwar sandar giyabos da aka yanko daga matacciyar mota, ana ajiye ta don daidaita faifan kuloci da zoben kafin a ɗaure. In an daidaita, giyabos da kansa yake zamewa ya haɗe da inji. In ya tsaya saura ɗan yatsa, malalaci yakan sa noti ya jawo shi da ƙarfi, ya murƙushe zoben da ya ɓata yini yana sawa. Haka nan 'yan turakun ƙarfe da ke saita giyabos da inji: in ɗaya ya faɗi a rairayi aka ce ba komai, sandar za ta zauna a karkace, motar kuma za ta dawo.

A shekarun wadata ba a wahalar neman zoben. Ana shiga Kano a saye shi a cikin kwalinsa. A 1980 naira ta fi dalar Amurka daraja. Daga Satumban 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta saki naira a ƙarƙashin shirin SAP, sai ga dala ɗaya tana cin wajen naira huɗu cikin shekara guda, kayan gyara na asali suka fi ƙarfin mai a-kori-kura. A wannan zamani ne kanikanci ya koma sana'ar rayar da matacce. Ana sake liƙa fatar birki da ta kuloci, ana yanka gasket daga kwali, ana kai karanshaf birni a rage masa kauri. Zoben kuwa masu injin sassaƙar ƙarfe suke fitar da shi daga kowace guntuwar tagulla da ta samu, ko da tsohon kan famfo ne.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya, domin ana yawan kambama wannan zamani. Hikimar ta burge, ta kuma hana kayan gona ruɓewa a ƙauye. Amma tagullar famfo ba ta da ƙofofin da ke riƙe mai, ɗan abin da aka shafa mata in ya ƙone shi ke nan. Mota takan tashi, ta yi kaka ɗaya ko biyu, a sake sauke giyabos. Mai motar da ya yi murnar araha ya biya kuɗin aiki sau biyu. Kanikawan kirki sun san haka, sukan kuma faɗa wa mai mota tun kafin a ɗaura.

Bayan sassaƙe sai ga kwaikwayo. 'Yan kasuwa, musamman na Nnewi, suka buɗe hanyar Taiwan, daga baya ta Sin, kasuwar Ƙofar Ruwa ta cika da kaya mataki-mataki: na asali, da mai bi masa, da wanda kwalinsa kawai ya yi kyau. Gefe guda ga kayan Baljiyam, wato na motocin da aka kwance a Turai, waɗanda suke shigowa ta Legas da Kwatano. Gwanintar da ake nema a wurin bakanike ta tashi daga iya ƙerawa ta koma iya tantancewa. Game da zoben akwai gwaji mai sauƙi: a kusanto da maganaɗisu. Tagulla zalla ba ta kula shi. Wanda ya manne an cika masa garin baƙin ƙarfe don a rage tsada, kuma irinsa yakan ci bakin sandar giyabos maimakon shi ya cinye, ƙaramar asara ta jawo babba.

Duk wannan sani ba a rubuce yake ba. Uba ne yakan kamo hannun ɗansa ya kai wa maigidan gareji, ya ce ga amana. Yaro ya fara da wankin noti a cikin kalanzir da ɗebo ruwa, ya koyi lambobin sufana ta hanyar tsawa: "Kai, sha uku na ce, ba sha biyu ba!" Sai ya shekara yana kallo kafin a bar shi ya kwance, ya ƙara wasu kafin a bar shi ya ɗaura. Garejin karkara kuma da kalandar gona yake tafiya. Da damina yara sukan ragu, kowa ya tafi noma, har maigidan ma da safe yana gonarsa. Da kaka aiki ya yi yawa, kuɗi ya shigo, masu bashin bara su biya. A ƙasar da gado ya rarraba gonaki har wani bai fi a noma shi da hantsi ba, sufana ta shiga jerin saƙa da rini da dukanci da fatauci, sana'o'in da tun fil azal suke cike wa manomin Kano giɓin rumbu.

Yanzu zoben tagulla yana ja da baya. Kaduna ta daina harhaɗa 504 a tsakiyar shekarun 2000, waɗanda suka rage suna tsufa. Motocin da suka gaje hanyoyin Bichi da Dambatta, irin su Golf da Sharan da J5, da tayoyin gaba suke ja, injinsu a gicciye yake, kuma da yawansu sandar giyabos tana da madogara biyu a cikin giyabos ɗin, ba ta bukatar komai a gindin karanshaf. Hiace da Hilux suna da ramin, amma ƙaramin boris ake sawa a ciki maimakon tagulla. Babura da A Daidaita Sahu sun janye yara da yawa zuwa gyaran da ake gamawa cikin awa guda a karɓi kuɗi. Akwai ƙwararren matashin bakanike a yau da bai taɓa cusa giris a ramin karanshaf ba.

Sai dai ramin bai daina kama mutane ba. Injinan Baljiyam da ake sayowa don Hiace da Hilux, wasunsu daga motoci masu canza giya da kansu aka ciro su, kuma irin waɗannan ba a sa musu boris a wurin, tunda ba su da kuloci. Wanda bai sani ba zai ɗora filawul da faifai, ya haɗa giyabos, mota ta tashi lafiya, bakin sandar yana rataye a iska. Kafin a je ko'ina giyabos ya fara zubar da mai, rigima ta tashi tsakanin mai mota da bakanike da mai sayar da inji, kowa yana ɗora wa wani. Shi ya sa tsofaffin da suka yi zamanin 404, in an aike su Ƙofar Ruwa sayen inji, sukan sa a juya musu shi su leƙa gindin karanshaf kafin a fara ciniki, in ramin wayam yake su sa a haɗa musu da boris a cikin kuɗin.